Amsa ga mai son fitar da dagi da aska a ɗinkin giciye

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina so ki ɗauko dagin Arewa da askar babbar riga ki yi su a ɗinkin giciye, wanda kowane ɗinki yake fitowa kamar alamar X, don rigar filo da adon bango, amma da kika sa hoton a manhajar waya sai ta ba ki launi wajen talatin, dagin kuma ya fito a dunƙule. Ba hannunki ne da laifi ba. Waɗannan zane-zane ba don yadi mai gida-gida aka ƙirƙiro su ba. A babbar riga mai zane ne yake zana su da alƙalami a jikin saƙi ko shadda, mai ɗinki ya bi layin da ɗinkin sarƙa da ƙananan idanu, allura tana lanƙwasa yadda ta ga dama. Na bango kuwa, irin na tsofaffin gidajen Zariya da Kano da unguwar Birni a Damagaram, da hannu magini yake fitar da su a jikin ɗanyen yaɓe. Ɗinkin giciye bai san lanƙwasa ba, gida-gida yake tafiya. Don haka zanen sai an sake gina shi a takarda, hoto ba zai yi miki wannan aikin ba.

Ki ajiye manhajar, ki sayi littafin lissafi mai gida-gida na 'yan makaranta da fensir. Gida ɗaya a takarda, ɗinki ɗaya a yadi. Manhaja tana karanta inuwa da ƙura da dusashewar fenti duk a matsayin launi, shi ya sa take watsa miki ɗinki ɗai-ɗai masu cin zare da cin rai. Tsofaffin zanen nan launi biyu ko uku ne suke ɗauke da su. Ki tsaya a uku, in ya yi yawa huɗu.

Dagi ne mai wuyar, shi zan fi tsayawa a kai. Ransa duka yana wurin da igiya take hawa kan 'yar'uwarta sannan ta shige ƙarƙashin ta gaba: sama, ƙasa, sama, ƙasa, ba a taɓa yin sama biyu a jere. In wannan ya ɓace, tabarmar launi kawai kika ɗinka. Ki ba igiyar faɗin gida 5: gida ɗaya mai duhu a kowane gefe, uku masu haske a tsakiya. A mahaɗa, igiyar da ke sama ta wuce da gefunanta masu duhu ba yankewa, wadda ke ƙasa kuma ta tsaya cak a jikin wannan layin mai duhu, ta ci gaba a ɗaya ɓangaren. In launi ɗaya tak za ki yi amfani da shi, to ki bar gida ɗaya ba ɗinki a kowane gefen mahaɗar, farin yadin ya yi aikin rabawa.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, inda igiya ta karkace ta bi kusurwa, in kika ci gaba da ƙirga gida 5 a kwance za ta rame, don faɗinta na gaskiya ya koma wajen uku da rabi. A karkace ki ƙirga 7 a kwance, sai ta yi daidai da mai 5 a miƙe. Na biyu, mutane kan zana kwata ɗaya su kifa shi kamar a madubi don su huta. Furanni suna yarda da haka, dagi ba ya yarda: madubi yana maimaita sama a inda ya kamata ƙasa ta biyo baya, sai ki tarar da sama biyu a jere daidai kan layin tsakiya. Ki riƙa juya takardar ne kwata ɗaya bayan kwata ɗaya kamar hannun agogo, kina kwafa. Kafin ki zura zare a allura, ki ɗora yatsa a kan igiya ɗaya ki bi ta har ta dawo inda ta fara, kina faɗin sama, ƙasa. Gyara da roba a takarda ya fi warware ɗinki ɗari biyu sauƙi.

Kada ki matse shi. Ƙasa da gida 45 kowane gefe, ramukan da ke tsakanin igiyoyi suna toshewa. Gida 61 a tsaye 61 a kwance yana fitowa sarai, kuma lamba mara ta fi, don tsakiya ta faɗa kan gida guda.

Aska ba ta da wannan wahalar, ƙa'ida ɗaya take so: matakala iri ɗaya daga gindi har tsini. Fara da gida 9, ki yi layi 6, ki rage ɗaya a kowane gefe ya zama 7, layi 6 kuma, haka 5, 3, 1. Tsawonta ya zama layi 30. In kina son doguwa siririya irin ta aska takwas, ki riƙa ragewa bayan layi 8, ta kai 40. Da zarar kin yi 6 a nan 5 a can, bakin askar ya karkace, kuma ido yana kama shi daga nesa. Tambari, wato da'irar nan ta ƙirjin riga, shi ne ba na ba mai farawa shawara. Da'irar da ba ta kai gida 30 a faɗi ba kusurwa takwas take fitowa, sai dai a bi gefenta da siririn ɗinkin layi a rufa mata asiri.

Yadin da ya fi dacewa shi ne Aida mai lamba 14, ma'ana gida 14 a inci ɗaya, wajen biyar da rabi a santimita. Dagi mai gida 61 zai ba ki kusan santimita 11. Lissafin ba wuya: raba yawan gida da 14, ki sami inci. Rigar filo mai zane gida 140 inci 10 ke nan, wajen santimita 25, sai ki ƙara santimita 7 a kowane gefe kafin ki sa almakashi. Wadda idonta ke gajiya ta ɗauki mai lamba 11, amma ta yi da sili uku, in ba haka ba farin yadi zai riƙa leƙowa. Ki bi bakin yadin da zigizag a keke tun farko, Aida tana zarewa.

Zaren kamfanin DMC, wanda kowane launinsa yake da lamba, sili shida ne a murɗe, mita 8 a ɗauri. A yadi mai lamba 14 sili biyu ake ɗinki da shi, sili ɗaya a ɗinkin layi, da allura marar tsini mai lamba 24. Ɗauri ɗaya yana kai ki wajen ɗinki 1,500, ya danganta da yadda kike ɓarna. Don kamannin tsohuwar riga, 823 yana kusa da shuɗin baba mai duhu, 739 ko 712 suna kama da launin zaren tsamiya, 498 kuma ja ne mai nauyi wanda ba ya ihu. Farin B5200 ya cika haske, yana kashe tsufan zanen. In zaren kasuwa marar lamba za ki saya, ki sayi duk abin da kike buƙata a rana ɗaya, don rini yana bambanta daga kwali zuwa kwali. Ki jiƙa guntun ja da shuɗi ki matse a farin ƙyalle. In ya bar shaida, zai zuba a aikinki ranar wanki.

Ki ninka yadi huɗu ki sami tsakiya, daga nan ake farawa. A dagi ki gama gefuna masu duhu tukuna, ki tabbatar mahaɗu sun zauna, sannan ki cike ciki. Zare kada ya wuce santimita 45, dogo yana tsufa ya yi gashi. Ƙafar ƙasa ta kowane ɗinki ta kalli ɓangare guda daga farko har ƙarshe. In kika juya a tsakiya, wurin zai yi kamar an canza launi alhali zare ɗaya ne. Ba a ƙulli a baya, ana cusa wutsiyar ƙarƙashin ɗinki huɗu ko biyar. Kuma kada ki tsallaka da shuɗi ta bayan farin fili fiye da gida uku, yana nunawa ta gaba, musamman in an sa a firam.

Lokacin hunturu ki wanke hannu kafin ki zauna, man shafawa da ƙura suna barin zobe a inda katakon riƙo, wato zoben da ke ɗame yadin, ya matse, don haka ki cire shi duk sanda kika tashi. In kin gama, ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ba bilic, ba murɗawa. Ki naɗe a tawul ya tsotse ruwan, ki kifa fuskar aikin a kan busasshen tawul ki goge ta baya tun yana da ɗan danshi, don kada dutsen guga ya kwantar da ɗinkin.