Filin Mai Sauti: Gitata na kukan ƙudan zuma

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Kawu. Ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni ɗalibi ne a nan Zango, shekarata uku ina koyon gita. Yayana da ke aiki a Yamai ya aiko mini da Zoom G1 Four, ƴar na'urar nan mai kwaikwayon amfili iri-iri, wato injin ƙara ƙarfin sautin gita, da feda, wato ƴan na'urorin sauya sauti da ake takawa da ƙafa. Kiɗan wasu Amurkawa, Smashing Pumpkins, ya shiga raina, musamman waƙar da ta buɗe faifansu Siamese Dream, inda gita ke shigowa kamar ambaliya. Na murɗe gen, wato maɓallin ƙarfin yaga sauti, na feda da na amfili har ƙarshe. Da dare in na sa kas a kunne sai in ji kamar na kusa. Ranar Asabar muka yi gwaji da abokaina a Garin Malam, aka haɗa ni da manyan lasifikokin biki, sai ga sautina kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani, kuma mai ganga na farawa na ɓace ɓat. Na'urar ce ba ta kai ba? In fara tarin kuɗin babba?

Ɗanka, daga Zango

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Riƙe kuɗinka tukuna. Abin da yayanka ya aiko maka ya isa ya kai ka inda duk wanda ya san faifan zai ɗago kai in ka taɓa igiya. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin faifan nan ya hana ni barci ina saurayi. Wani baƙo ne ya bar mini kaset ɗinsa, ina mayar da shi baya da bik don kada batirin rediyo ya ƙare, ina sake saurare ina tambayar kaina yadda gita ɗaya za ta cika ɗaki haka. Na ɗauki shekaru kafin in gane ba gita ɗaya ba ce. Zan dawo kan wannan.

Faifan ya fito a watan Yulin 1993. An ɗauke shi a jihar Jojiya ta Amurka, Butch Vig ne ya kula da aikin tare da Billy Corgan, jagoran ƙungiyar. Vig ɗin nan shi ya yi wa ƙungiyar Nirvana aikin faifansu Nevermind a 1991. Manyan kayan Corgan su ne: gita Fender Stratocaster, feda Big Muff ta kamfanin Electro-Harmonix na New York, samfurin ƙarshen shekarun 1970 da aka gina da cif maimakon taransisto huɗu na sauran ƴan'uwanta, sai kan amfili Marshall JCM800 mai wat 100. Abin da yawancin samari ba sa lura da shi shi ne, ba a ƙure gen ɗin amfilin ba. Ta ramin jona gita da ke rage ƙarfi aka shiga, amfilin na kusa da garau, feda ce ke yaga sautin. Kai kuwa ka ƙure su duka biyun. Feda ta riga ta matse sauti, amfili ya sake matse matsattse, to babu abin da zai rage sai tsaki. Ka san shayin fada: in sukari ya wuce kima tun a zagayen farko, ganyen ba ya jiyuwa.

To ga yadda za ka jera su. Kamfanoni ba sa rubuta ainihin sunayen kayan da suka kwaikwaya, don haka a na'urarka Big Muff ita ce NYC Muff, Marshall ɗin kuma MS 800, akwatin lasifikarsa MS4x12. Gurbi biyar gare ka. Sa ZNR a farko don ya kashe tsakin da ke tashi in ka yi shiru, sai feda, sai amfili, sai akwati, sai abin daidaita sauti a ƙarshe. Feda kullum kafin amfili take. A kan feda, kai ƙarfin yagewa wajen 70, kaifinta wajen 55. A kan amfili, sauke gen zuwa 25 ko 30, kauri 50, tsakiya 70, kaifi 50. Ga gwajin da nake yi a shagona: kashe fedar, ka bugi igiya da ƙarfi. In amfilin shi kaɗai ya ɗan yi gurnani kawai, daidai ne. In ya riga ya yage, ƙara saukewa. Waɗannan lambobi wurin farawa ne, gitarka da hannunka za su matsa su kaɗan nan da can. In na'urar ta ce nauyi ya yi mata yawa, ZNR za ka fara cirewa.

Yanzu maganar ƙudan zuma. Ina da yaƙinin rabin matsalarka a akwatin lasifika take. Lasifikar gita mai inci 12 ba ta iya fitar da abin kirki sama da wajen hazi 5,000 (hazi shi ne ma'aunin kaɗawar sauti, yawansa shi ne kaifin sautin). Wannan gazawar tata ita ce alherinta, domin duk ƙaiƙayin da feda ke haifarwa a sama take tace shi. Lasifikar biki kuwa tana da ƙaho a samanta wanda aka yi don ya fitar da komai, har ƙarar cokali. In ka tura mata Big Muff ba tare da akwati ba, ƙudan zuma za ka samu, ko da na'urarka ta miliyoyi ce. Shiga cikin MS4x12, za ka ga wani wuri an rubuta MIC. In za ka shiga lasifikar biki ko kas, kunna shi. In amfilin gita na gaske za ka shiga, kashe shi. Wani yaro ya kawo mini irin na'urarka bara yana shirin sayar da ita. Na ce ya ci gaba da bugawa, na miƙa hannu na kunna wannan wuri ɗaya. Ya tsaya cak, ya dubi lasifikar, ya dube ni, ya sake bugawa a hankali kamar mai tsoron kada abin ya gudu. Bai sayar ba.

Ɓacewarka in ganga ta shigo kuma wani abu ne daban. Big Muff haka aka halicce ta, tana kwashe tsakiyar sauti, wajen hazi 1,000, ta bar ƙasa da sama. Kai kaɗai a ɗaki, wannan yana da daɗi, sauti ya yi faɗi kamar filin idi. Amma a cikin ƙungiya, ƙasa ta mai bas ce, sama ta farantan ƙarfen mai ganga ce, gidan gita shi ne tsakiya, kuma fedarka ta rushe shi. Shi ya sa na ce ka kai tsakiyar amfili 70. A abin daidaitawa na ƙarshe, ɗaga wajen hazi 800 kaɗan, sauke duk abin da ya haura 6,000, ka kuma rage can ƙasa don ka bar wa mai bas wurinsa. Kai kaɗai za ka ji kamar sautin ya ɗan yi hanci. Kada ka damu. Bari ganga ta shigo ka ji.

Ka kuma daina gyara sautin wasa da dare a kas. Kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙasa da sama sosai in ƙara ta yi ƙasa, sai mutum ya yi ta ƙara su. Ranar da aka ɗaga ƙarar, duk abin da ya ƙara ya fito ninki. Ajiye saiti biyu: ɗaya na ɗaki, ɗaya na fili, na filin kuma a gaban lasifikar da za ka yi wasa da ita za ka gyara shi, da ƙarar da za ka yi wasan.

To, ga abin da na ce zan dawo kansa, kuma shi ne zuciyar maganar. Abin da kake ji a faifan nan gita ce a kan gita a kan gita. Corgan ya buga abu ɗaya sau da yawa aka jera su a kan juna, shi da kansa ya ce akwai waƙa a ciki da ta ɗauki gita har kusan 40. Kai ɗan Damagaram ne, ka tsaya a ƙofar fada ranar hawan salla. Tuna lokacin da masu kakaki suka ɗaga tare. Kakaki ɗaya yana da ƙarfi, amma in uku suka busa, abin da ke dukan ƙirjinka ba ƙarar ba ce kawai. Wannan ya riga wancan da ƙiftawar ido, numfashin wancan ya ɗan fi na wannan, muryoyin suna goga juna, sai sautin ya yi kauri har ka ji shi a haƙarƙari. Da a ce ukun daidai suke kamar an auna da ma'auni, da kakaki ɗaya za ka ji mai ƙara. Wannan ɗan saɓanin shi ne kaurin, kuma babu maɓallin da ke ba da shi.

Za ka iya jin haka yau ɗin nan ba tare da kwamfuta ba. Na'urarka na da wurin maimaitawa mai ɗaukar daƙiƙa 30. Buga layi ɗaya, bari ya juyo, ka sake buga shi a kansa da hannunka, ka ƙara na uku. Daga na biyu za ka fara jin faifan. In ka samu ƙaramin akwatin haɗa gita da kwamfuta, manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce: ɗauki layin sau biyu, ka tura ɗaya kunnen hagu, ɗaya na dama. Kada ka kwafi na farko ka liƙa, wannan ƙara kawai zai ƙara maka. Kuma duk lokacin da ka ƙara gita, rage yagewar fedar, domin tsakin ma taruwa yake. Ni in zan jera huɗu, nakan sauko har 50. A nan ne za ka gane ko hannunka na tafiya da lokaci, domin layi huɗu da ba su zauna tare ba taɓo ne. Wannan shi ya fi kowane saiti wahala, kuma shi ya fi cancantar darenka.

A fili kuwa, in kuna da mai gita na biyu, ku buga abu ɗaya a wurin da waƙar ta yi nauyi, kai a gefe shi a gefe, kaifin fedarsa ya ɗan bambanta da naka.

Saura hannun hagu. Yawancin abin da ke ba waƙar da kake so wannan launi ba cikakken kamu ba ne, murya ɗaya ce a wuri biyu, ƙasa da sama. Danna igiya ta biyar da manuniya, ka danna ta uku gida biyu gaba da ɗan yatsa na kusa da ƙarami, cikin manuniyar ya kwanta a kan ta huɗu ya kashe ta. Bar igiya ta shida a sake tana gurnani a ƙasa, ka yi ta zamewa sama da ƙasa a wuyan gita. Big Muff ba ta son igiya shida a lokaci ɗaya, tana cakuɗa su. Ba ta biyu ko uku ka ji yadda za ta yi waƙa. Ka gwada, ka sake rubuto mini bayan gwajin Asabar mai zuwa.

TAMBAYA

Kawu, barka da aiki. Ina buga gita a ƙungiyar da ke wasa a bukukuwa. In aka ɗauke wuta aka tada janareta, sai gitata ta kama wani gurnani da ba ya tsayawa, musamman in na kunna faz, fedar nan mai yaga sauti. Mene ne magani?

Ƴarka, daga Birni

AMSA

Barka kadai, ƴata. Wutarmu na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma maganaɗisun gita irin na Stratocaster, mai naɗi ɗaya, yana kama wannan kaɗawar kamar eriya, faz kuma ya ninka ta. Fara da raba na'urarki da wutar wurin: sa mata batir, ko ki ba ta wuta daga bankin cajin waya in tana karɓa ta USB. Mayar da makunnin gita gurbi na biyu ko na huɗu, a yawancin gitocin yanzu maganaɗisu biyu ke haɗuwa a nan su kashe gurnanin juna. Yi nesa da janareta da dogon ƙwan fitila, ki juya jikinki a hankali da gitar a rataye, za ki tarar da wata fuska da gurnanin ke raguwa, ki tsaya a nan. In duk da haka yana nan, canza wayar gita da gajera mai kyau, ki kuma goge bakinta da ramin da take shiga, domin ƙurar hunturu na taruwa a ciki. In ya ƙi ji, kawo mini ita shago da safe kafin rana ta yi zafi, ki zo da wayar da kike amfani da ita.