Mai ɗaurin rodi ya ce 20, lissafina ya ba ni 18

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Zan zuba dekin a kan ɗaki mai mita 4 da mita 5. Zanen ya ce rodi mai kaurin milimita 12, da tazarar milimita 200 a tsaye da kwance. Na zauna na lissafa, na samu rodi 18 zai ishe ni. Mai ɗaurin rodi kuma ya ce sai 20, ban da na sama. Ko dai so yake ya cuce ni?

Amsa: Malam, barka kadai. Na ji daɗi da ka ɗauki biro kafin ka ɗauki kuɗi. Amma mutumin nan gaskiya ya faɗa maka, kuma na gane inda kuka rabu.

Rodi ba ya taɓa bakin kankare. Ana barin kamar milimita 25 a kowane gefe don kada ruwa ya kai gare shi ya yi tsatsa. Don haka sandunan gajeren ɓangare za su zama mita 3.95, na dogon kuma mita 4.95. Gajerun ana jera su ne a kan mita 4.95, dogayen kuma a kan mita 3.95; ka raba wannan tsawon da tazara, ka cike ragowar, ka ƙara ɗaya: gajeru 26, dogaye 21. Jimlarsu kusan mita 207. Ka raba da 12, tunda tsawon rodi ɗaya mita 12 ne, sai ka samu 17 da ɗoriya. Nan ka samo 18 ɗinka, kuma a takarda ba ka yi kuskure ba.

Shi kuwa da zarton ƙarfe a hannu yake lissafi. Rodi ɗaya yana ba shi gajeru uku cif, saura ɗan guntu da bai kai taki ba, don haka 26 za su ci rodi 9. Dogayen ne matsalar. Biyu kawai ke fita daga rodi ɗaya, a bar guntun mita 2.1 a ƙasa, wanda ba zai haye ɗakin ba. Sanduna 21 za su ci rodi 11. Tara da sha ɗaya, ashirin ke nan.

Kada ka bari a zubar da guntayen nan, ko yara su kwashe. Sau da yawa su nake sa a yi rodin sama da su, wanda ake ɗorawa a gefen dekin inda ya hau kan bim, wato doguwar kankaren da ke kwance tana ɗauke da dekin, in dai tsawonsu ya kai abin da zane ya nema. Kada kuma a ce za a haɗa guntaye biyu su zama sanda ɗaya a tsakiyar ɗaki. Haɗi yana da wurinsa, kuma dole ɗaya ya hau kan ɗaya da kamar ninki 40 zuwa 50 na kaurinsa, wato kusan rabin mita ga mai 12.

In da nauyi za ka saya, ka ninka kaurin da kansa, ka raba da 162, zai ba ka kilo nawa ne a mita ɗaya. Mai 12 yana da kilo 0.89, mai 16 kilo 1.58. Tan ɗaya na mai 12 yana ɗauke da rodi kamar 94. Wannan lissafin na da wani amfani da na fi damuwa da shi. Na taɓa yanke mita ɗaya daga rodin da aka kawo wurin aiki da sunan mai 12, na ɗora a sikeli, nauyinsa ya fi kusa da na mai 10. Muka mayar da lodin gaba ɗaya. Kai ma ka yi haka ranar da aka sauke naka.

Lissafin nan bai haɗa da lanƙwasar bakin sanduna ba, da kujerun da ke riƙe rodin sama, da wayar ɗauri. Ku zauna kai da shi da zanen a gabanku, ya rubuta maka kowace sanda da tsawonta kafin a yanka ko ɗaya.