Tambaya da Amsa: Kwanan wata da shekarar kuɗi a Stata

Tambaya: Ina haɗa rahoton wata ƙungiyar manoma da ke samun tallafi daga Amurka. Da na kwashe bayanai daga Excel zuwa Stata (manhajar nazarin alƙaluma), sai 2024 ta koma 2084. Kuma yaya zan fitar da shekarar kuɗin masu tallafin? Daga wata mai karatu a Pantami, Gombe.

Amsa: Malama, bayananki ba su lalace ba. Excel tana ƙirga kwanaki ne tun daga 1900, Stata kuwa daga 1 ga Janairu 1960. Tazarar kwana 21,916 ce, kusan shekara sittin. Ki cire ta: gen rana = kwana - 21916, sannan format rana %td (a nan "kwana" shi ne rukunin kwanan watan da kika kwaso daga Excel).

Shekarar kuɗin gwamnatin Amurka tana farawa 1 ga Oktoba, ta ƙare 30 ga Satumba, kuma sunan shekarar da ta ƙare a cikinta take ɗauka. Wato takin da aka raba a Nuwamba 2023 yana cikin lissafin 2024. Ki rubuta: gen shekara = year(rana) + (month(rana) >= 10). Kasafin Najeriya Janairu zuwa Disamba ne, don haka ki ajiye rukuni biyu, na shekarar Amurka da na Najeriya, kada ki goge ɗaya.

Abin da ya fi damunmu shi ne kwanan watan da ya shigo a matsayin rubutu. A wurinmu 03/04/2024 uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris. In kika sa "MDY" (wata-rana-shekara) maimakon "DMY" (rana-wata-shekara) wajen gaya wa Stata yadda za ta karanta rubutun, duk ranar da ta wuce 12 za ta ɓace, sauran kuma su juya ba tare da gargaɗi ba. Ki ƙirga guraben da babu komai kafin ki tura rahoton.