Tambaya da Amsa: Ƙafar gurgu a jikin bango, fasaha ce ko tallan nakasa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai walda ne a Sabon Gari nan Damagaram, shan inna ya taɓa min ƙafa tun ina yaro, kekunan guragu ma nake haɗawa. Ƙanena da ke karatu a Dakar ya turo min bidiyo ta WhatsApp, wani ɗaki mai duhu an haska bango uku da majigi, ba komai sai ƙafar wani gurgu tana jan ƙasa, mutane tsaye suna kallo wai fasaha ce. Ni dai raina ya sosu wallahi. Wannan ba tallan nakasa ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abin da ƙanenka ya gani ba fim ba ne da ake zama a bi labari, bidiyo ne da ake girkawa a ɗaki yana ta maimaita kansa, kai za ka shiga ka zagaya, in ka gaji ka fita. Kuma ba yau aka fara ba, tun 1963 wani ɗan Koriya, Nam June Paik, ya baje akwatunan talabijin a Wuppertal ta Jamus ya ce ga fasaha.

Sosuwar ranka ban ga laifinka ba, baƙo ya zo da kamera ya ɗauki mai lalura ya tafi ko sannu babu, wannan kam talla ce. Amma tambayi ƙanenka wa ya riƙe kamerar, don da yawa masu jikin ne da kansu. Yinka Shonibare, wani mai fasaha da ya tashi a Legas, yana ɗan shekara 18 ciwon laka ya shanye masa ɓarin jiki, a keke yake aiki, har bidiyon masu rawa cikin atamfa ya yi. Christine Sun Kim ta Amurka kurma aka haife ta, amma aikinta kusan duk a kan sauti ne, ka ji ikon Allah.

Kai ma gwada mana. Ɗaure salula a hannun kekenka ka bi daga Birni zuwa kasuwar Dole, masu ƙafa ba su taɓa ganin garin daga wannan tsayin ba, gwiwoyin mutane, tayoyin kabu-kabu, rairayin da ke riƙe maka taya. Ka ari majigi ka haska a zaure bayan isha'i, sai dai ka yi addu'a kar a ɗauke kuran.