Amsa ga ɗana kan shafa baƙi a fuska a tsoffin wasannin talabijin na Amurka

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka tambaya me ya sa baƙaƙen fatar Amurka ke ɗaukar zafi idan Bature ya shafa baƙi a fuska don ban dariya, har ana janye tsoffin shirye-shirye, alhali a nan Bafulatani da Babarbare suna tsokanar juna ba mai fushi.

Ba ɗaya ba ne. Wasan taubasai yana da sharaɗi: ka faɗa, a rama maka, a tashi lafiya. Can kuwa abin ya samo asali ne wajen 1830, ana tsakiyar bauta. Turawa irin su Thomas Rice kan ƙona toshiyar kwalba, su kwaɓa baƙin da ruwa ko mai, su shafe fuska, su zana leɓe ya yi kauri, sannan su hau dandali suna gwamutsa Turanci, wai su ga bawa malalaci. Wanda ake kwaikwayo ba shi da bakin ramawa. Jim Crow, sunan da Rice ke wasa da shi, shi aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata daga baya.

Wannan gadon ne ya shiga rediyo a 1928 da shirin Amos 'n' Andy, Turawa biyu suna muryar baƙaƙe. Da tashar CBS ta kai shi talabijin a 1951 ta ɗauko baƙaƙen 'yan wasa, ƙwararru kuwa, amma halayen ba su sake zani ba: ga ɗan damfara, ga mai saurin ruɗuwa. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata ta tashi tsaye, aka daina shi a 1953, aka janye maimaicinsa a 1966.

Wanda ya fi bukatar natsuwarka shi ne All in the Family, 1971 zuwa 1979. Mai shirya shirin, Norman Lear, ya gina Archie Bunker, magidanci mai ƙyamar baƙaƙe, don a yi masa dariya a tsani halinsa. Niyya mai kyau ce. To amma binciken Neil Vidmar da Milton Rokeach na 1974 ya nuna masu irin ra'ayin Archie suna kallo suna ganin shi ne mai gaskiya. Kowa ya ɗauki abin da ya zo da shi. Don haka in kana kallo, kasa kunne ga dariyar 'yan kallon da ke ɗakin ɗauka: a kan maganar wa ta fashe, ta mai cin fuskar ko ta mai mayar da martani?

Duba kuma wa ke riƙe da alƙalami. A shirin Good Times, kan wani iyalin baƙaƙe, John Amos, wanda ya fito a mahaifin yaran, ya yi ta jayayya da marubuta kan yadda suka mai da ɗan fari wawa mai shirme, suka bar ƙannensa masu son karatu a gefe. A 1976 aka sallame shi, aka kashe uban a labarin da haɗarin mota.

Janyewar da aka yi a 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe, ba duka na yarda da ita ba. Hulu, manhajar kallon shirye-shirye ta intanet, ta cire wani kashi na shirin The Golden Girls saboda mata biyu sun shafa laka ta gyaran fata, ba kwaikwayon kowa suke ba, baƙaƙe da dama ma sun ce an yi azarɓaɓi. Gara a bar irin wannan, a sa gajeren bayani a farkonsa. Ka gaida mahaifiyarka.