Likita Ya Amsa: Maganin Raunin Tayarod Ɗaya Ne, Amma Kowa Da Awonsa

Likita, ni da maƙwabciyata ciwo ɗaya aka ce muna da shi, wai tayarod ɗinmu ta yi rauni. Ita an ba ta levothyroxine 100, ni 25 kacal. Shekaruna 67, ina da ciwon zuciya. Ko rowa aka yi mini? — Hajiya, Gangare

Ranki ya daɗe, ba rowa ba ce, zuciyarki aka tausaya wa. Tayarod wata 'yar halitta ce a gaban wuya, siffarta kamar malam-buɗe-littafi, ita ke fitar da sinadarin da ke hura wutar jiki. In ta gaza, sai kasala, kumburin fuska, bushewar fata, taurin bayan gida da jin sanyi. A Jos wannan alama ta ƙarshe kan ruɗe mu, don a Disamba kowa cikin rigar sanyi yake. Wadda nake zargi ita ce mai neman bargo a watan Maris.

Levothyroxine madadin sinadarin nan ne. Matashi mai lafiyar zuciya mukan auna masa kusan maikurogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 zai tashi da wajen 100. Dattijo kuwa, ko mai ciwon zuciya, da 25 muke farawa, wani ma 12.5, domin in aka hura wutar lokaci guda zuciya za ta kama dukan uku-uku, ƙirji ya ɗau ciwo. Bayan mako 6 zuwa 8 a gwada jini, a ƙara kaɗan. Don Allah, Hajiya, kada ki ari na maƙwabciya.

Gwajina ya nuna TSH 6, amma likita ya ce in dawo bayan wata uku, bai ba ni komai ba. — Malami, Bukuru

Malam, da ni ne ma haka zan yi. TSH kira ne da wata halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke yi wa tayarod, kamar uwa da ɗan da ya ƙi tashi: in bai motsa ba sai ta ɗaga murya. Daidai shi ne wajen 0.4 zuwa 4. In ya haura 10 mukan fara magani. Tsakanin nan kuwa sau da yawa yakan koma daidai da kansa, musamman bayan jinya, shi ya sa ake maimaitawa. Sai in akwai maƙoƙo, ko alamomi masu ƙarfi, ko cutar Hashimoto wadda garkuwar jiki ke far wa tayarod, sannan mu sake lissafi.

Na samu juna biyu. Uwar mijina ta ce in ajiye ƙwayar levothyroxine da nake sha kada ta taɓa ɗan. — Amarya, Rikkos

Ki gaishe da Inna, ki ce likita ya ce ajiyewar ce ke taɓa ɗan. A watannin farko da sinadarinki ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, nasa bai fara aiki ba. Ƙara miki ma za a yi, kamar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, ana gwaji duk mako 4. Ki je asibiti cikin makon nan.

Sai ki kula da maganin ƙarin jini da na ƙashi da ake bayarwa wurin awo, suna hana ƙwayar shiga jiki. Ki sha taki da asuba da ruwa zalla, ki jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi, waɗancan kuma sai bayan awa 4. Awara ma a ba ta tazara. Na taɓa ganin wadda aka yi ta ƙara wa awo a banza, ashe da shayi mai kauri take haɗiye ƙwayar.

Na ga ana tallan wani maganin tayarod "na asali" a Facebook. — Wani bawan Allah, Anguwan Rogo

Yawancinsa busasshiyar tayarod ɗin alade ce, ka sani kafin ka saya. Rabon sinadaran cikinta kuma bai dace da na ɗan Adam ba. Akwai wani mai suna liothyronine da ƙwararru kan haɗa wa 'yan tsiraru waɗanda jikinsu bai sake ba duk da gwaji ya yi kyau, amma hujjar fifikonsa ba ta yi ƙarfi ba, kuma ba a ba mai ciki. Gishiri mai aidin, wanda aka wajabta a Najeriya tun 1993, rigakafin maƙoƙo ne, ba ya tayar da tayarod ɗin da aka cire ko wadda Hashimoto ta cinye.