Tambaya da Amsa: Waya za ta iya gaya min ƙarfin ɗaurin notin inji?

TAMBAYA: Salam malam, ni bakanike ne a Kurna, an kawo min tsohuwar Volkswagen Beetle irin Boswajan nan ta da, mai ita yana so a sauke inji a sake haɗa shi. Na duba a waya nawa ake ɗaure notin top, wato murfin kan silinda, wani wuri 23, wani 32, wani ma 3.2. Wanne ne gaskiya? Kuma akwai manhajar da ke auna ɗauri?

AMSA: Wa alaikumus salam maigida. Abin dariyan shi ne duka ukun gaskiya ne, ɗauri ɗaya ne aka faɗa da ma'auni uku. 23 ɗin ft-lb ne irin na Amurka, 32 ɗin Nm ne, 3.2 kuma mkg ne da tsofaffin littattafan Jamus ke amfani da shi. ft-lb ɗaya Nm 1.356 ne, mkg ɗaya kuma Nm 9.81, kai dai ka ɗauke shi kamar 10. In ka ga daN.m a littafin Fijo 504 na Faransa, shi ma Nm 10 ne cif. Ba sai ka sauke wata manhaja mai cike da talla ba, ka rubuta "23 ft lb to Nm" a Google zai ba ka amsa nan take, Nm 31 da ɗan kai, kusan 32 ɗin kenan.

Inda ake samun matsala shi ne mutum ya ga 32 ya saita sifanar awo, wato sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, a gefen ft-lb, to ka ga ya ɗaure kusan Nm 43 kenan, kuma bulok ɗin Boswaja ba ƙarfe ba ne irin na sauran motoci, haɗin magniziyam ne mai laushi, dogayen ƙusoshin nan da ke riƙe silinda da top sai su tsige tiredi daga cikin bulok, wani lokaci ma ba a garejin zai nuna ba sai mota ta yi zafi a hanyar Zariya inji ya fara huci.

Sannan kafin ka yarda da 32 ɗin ma, ka auna kaurin ƙusoshin. Masu mm 10 su ne Nm 32, masu mm 8 da suka zo a injinan baya-baya Nm 25 ne. Lambar inji tana jikin bulok ƙarƙashin gindin janareta, ka goge ka ɗauke ta hoto, da ita za ka nemi littafin gyara na wannan injin, don motar da ta shekara hamsin a ƙasar nan Allah kaɗai ya san inji nawa aka canza mata da kayan kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Kuma ba a ɗaure noti takwas ɗin da ke kan kowane top lokaci guda, ana fara bin su da Nm 10 sannan a koma a kai su cikakke, kowane zagaye da jerinsa, zanen yana cikin littafi.

Ni dai shawarata kar ka dogara da hoton da aka turo a gurup na WhatsApp ba sunan inji ba ma'auni, haka su ChatGPT, suna ba da lamba da ƙarfin hali ko da ta wata mota ce. In PDF ka samu na tsohon littafi da aka yi sikanin, ka buɗe shafin ka zuƙo shi ka gani da idonka, don wajen kwafe rubutu waya na iya cinye ɗigo, 3.2 ya koma 32. In da Jamusanci ne ko Faransanci, Google Lens zai fassara maka ta kyamara, amma lambobin ka duba su a asalin shafin. Ka lura kuma ko littafin ya ce a shafa mai a tiredi ko a bushe, noti mai mai ya fi matsewa a lamba ɗaya.

Batun manhaja mai auna ɗauri kuwa, babu ita, waya ba ta da abin da zai ji ƙarfin hannunka. Sifanar awo mai ƙara "ƙas" za ka nema, ko ɗan adafta na dijital da ake sa wa tsakanin hannu da soket. Guda ɗaya ma ba za ta ishe ka ba, don babban notin filawil, wato faifan nan mai nauyi da ke bayan inji, mai soket 36 yana cin kusan Nm 300 zuwa sama, babbar sifanar da ta kai nan kuma ba ta karanta Nm 10 daidai. Mai "ƙas" ɗin in ka gama aiki ka mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta kafin ka ajiye, in ba haka ba sifirin ɗinta zai saki ta fara yi maka ƙarya.